Allurar Sinadarin Girma da Alkawarin Mayar da Tsoho Yaro

Sinadarin girma furotin ne da jikin ɗan Adam ke ƙerawa da kansa a wani ɗan ƙullutu da ke rataye a gindin ƙwaƙwalwa, can bayan karan hanci, wanda likitoci ke kira fituwitari. Girman ƙullutun bai wuce na ƙwayar wake ba, amma daga cikinsa umarni ke fita zuwa ga sassan jiki masu kula da haihuwa, da ruwan nono, da ɗumin jiki, da tsawo. Shi sinadarin girman sarƙa ce ta ƙananan tubala 191 da ake kira amino asid. Ba ya kwarara cikin jini a kai a kai. Tsartuwa yake yi lokaci zuwa lokaci, kuma mafi girman tsartuwar tana zuwa ne jim kaɗan bayan mutum ya yi nisa cikin barcin dare. Idan ya isa hanta sai ya sa ta saki wani sinadarin na biyu mai suna IGF-1, wanda shi ne ke gudanar da mafi yawan aikin: tsawaita ƙashin yaro, gina tsoka, da sa ƙwayoyin halitta su rarrabu su yawaita. Shi kuwa sinadarin girman da kansa yana narkar da kitse, yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, yana kuma dakushe aikin insulin, abin da ke sa sukarin jini ya hau.

Ƙwaƙwalwa tana riƙe da linzaminsa ta hanyoyi biyu. Akwai saƙon da ke cewa a saki, wanda ake taƙaita sunansa da GHRH, akwai kuma mai cewa a tsaya, wato somatostatin. A 1999 masu bincike a Japan suka gano na uku, girelin, wanda ciki ke fitarwa idan yunwa ta kama mutum, shi ma yana zaburar da fituwitari. Sanin waɗannan ukun shi ne mabuɗin fahimtar duk magungunan da ake tallatawa yau.

Yawan sinadarin yana kaiwa ƙololuwa lokacin balaga. Daga nan sai ya fara ja da baya, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne raguwar kusan kashi 14 cikin 100 a duk shekara goma. A daidai waɗannan shekarun ne tsoka ke zubewa, tumbi ya fito, fata ta saki, ƙashi ya yi rauni. Da yake abubuwan biyu suna tafiya tare, sai tunani ya zo cewa ɗayan ne ya haddasa ɗayan, kuma idan aka mayar wa dattijo sinadarin saurayi, ƙuruciyar za ta biyo shi. Tunanin ba sabo ba ne. A 1889 wani shahararren likita a birnin Faris, Charles-Édouard Brown-Séquard, yana ɗan shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan marainan kare da na wata ƙaramar dabba, ya sanar cewa ƙarfinsa ya dawo. Bayan shekara biyar ya rasu, kuma daga baya aka tabbatar cewa abin da ke cikin irin wannan ruwa bai kai ya yi wani tasiri ba. A shekarun 1920 Serge Voronoff ya yi suna da dasa wa attajirai yankan marainan biri. Sinadarin girma shi ne magajin wannan tsohon buri, sai dai shi magani ne na gaske, kuma wannan ne ya sa batunsa ya fi wuyar warwarewa.

Maganin gaske, ga masu buƙatarsa

A 1958 likita Maurice Raben na birnin Boston ya ba da rahoton yaron farko da ya ƙara tsawo bayan an yi masa allurar sinadarin girma. A wancan zamani babu inda ake samun maganin sai daga fituwitarin gawarwaki, domin na shanu da makamantansu ba ya aiki a jikin mutum. Haka aka yi ta yi har 1985, lokacin da aka gano cewa wasu matasa da suka karɓi allurar suna yara sun kamu da cutar Creutzfeldt-Jakob, mai cinye ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da magani. Mutum fiye da 200 ne suka kamu ta wannan hanya a duniya, fiye da 100 daga cikinsu a Faransa. A cikin shekarar ce kamfanin Genentech ya sami izinin sayar da sinadarin da ƙwayoyin bakteriya ke ƙerawa a masana'anta, aka daina taɓa gawa.

Tun daga nan dubban yaran da fituwitarinsu ba ya aiki suka kai tsawon da ba za su taɓa kaiwa ba. Wanda masu kallon ƙwallo suka fi sani shi ne Lionel Messi, da aka gano yana da ƙarancin sinadarin yana yaro a Rosario ta ƙasar Ajantina, kuma ɗaukar nauyin allurar na cikin abin da ya kai shi Barcelona. A 1996 Amurka ta amince a riƙa bai wa manya waɗanda ƙari, ko tiyata, ko gashin ciwon daji ya lalata musu fituwitari. Waɗannan duka marasa lafiya ne da ake mayar musu da abin da cuta ta raba su da shi. Dattijo mai lafiya da sinadarinsa ya ragu bisa ɗabi'ar shekaru ba ya cikinsu.

Binciken 1990 da abin da ya biyo baya

Kasuwar hana tsufa ta samo asali daga takarda guda. A watan Yuli na 1990 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga binciken Daniel Rudman na kwalejin likitanci ta Wisconsin. Ya ɗauki maza 21 masu shekara 61 zuwa 81 waɗanda IGF-1 ɗinsu ya yi ƙasa. Goma sha biyu suka riƙa karɓar allura sau uku a mako har wata shida, tara ba a ba su komai ba. Waɗanda suka karɓa, nauyin jikinsu wanda ba kitse ba ya ƙaru da kashi 8.8 cikin 100, kitsensu ya ragu da kashi 14.4, kaurin ƙashin bayansu ya ɗan ƙaru da kashi 1.6. Marubutan suka ce girman wannan sauyi ya yi daidai da abin da tsufan shekara 10 zuwa 20 ke kawowa. Wannan jimla ɗaya ita 'yan kasuwa suka ɗauka suka gina dukiya a kanta.

Abin da binciken bai auna ba ya fi abin da ya auna muhimmanci. Bai gwada ƙarfin mutanen ba, ko saurin tafiyarsu, ko tunaninsu, balle tsawon rayuwarsu. Ba a yi wa rukuni na biyu allurar da babu magani a ciki ba, saboda haka kowa ya san abin da aka ba shi. Kuma na'urar da ke auna nauyin da ba kitse ba ba ta rarrabe tsoka da ruwa, alhali sinadarin girma gwani ne wajen tara ruwa a jiki. Amfani da takardar wajen talla ya yi yawan da a 2003 mujallar ta buga bayani na musamman tana nisanta kanta, tana cewa binciken ba hujja ba ne na bai wa tsofaffi wannan magani.

Masu bincike na baya sun cike gurbin. A 1996 Maxine Papadakis da abokan aikinta a San Francisco suka gwada maza 52 da suka kai shekara 70 ko suka haura, wannan karon da allurar boge a rukuni ɗaya. Kitse ya ragu, naman jiki ya ƙaru, amma ƙarfin hannu da na gwiwa da juriya ba su motsa ba. A 2002 Marc Blackman ya jagoranci gwajin maza da mata 131 masu shekara 65 zuwa 88. Cikin mazan da suka karɓi sinadarin, 18 sukarin jininsu ya rikice ko suka kamu da ciwon sukari, alhali 7 ne kawai cikin waɗanda ba su karɓa ba. A 2007 Hau Liu da wata tawaga daga jami'ar Stanford suka tattara duk gwaje-gwajen kirki da aka yi a kan tsofaffi masu lafiya. Mutum 220 ne kacal suka karɓi maganin a cikinsu gaba ɗaya. Sakamakon: kitse ya ragu da kusan kilo 2, naman da ba kitse ba ya ƙaru da kusan kilo 2, shi ke nan. A ɗaya gefen kuwa akwai kumburin ƙafa da hannu, ciwon gaɓoɓi, matsewar jijiyar wuyan hannu mai sa yatsu su mutu, da fitowar nono ga maza.

Akwai darasi mafi ɗaci daga ɗakin masu jinya mai tsanani. Likitoci a Turai sun yi tsammanin sinadarin zai hana marasa lafiyar da ke kwance ramewa. Rahoton da Jukka Takala ya fitar a 1999 ya nuna cewa mace-mace sun ninka a rukunin da aka bai wa shi da yawa, kusan 4 cikin 10, idan aka kwatanta da kusan 2 cikin 10 a ɗaya rukunin. A Amurka doka ta mayar da rarraba sinadarin girma don abin da ba a amince da shi ba, har da hana tsufa, babban laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara biyar.

Zuwan feftaid

Tsadar sinadarin, da illolinsa, da tsaurin doka, su suka buɗe wa feftaid ƙofa. Feftaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, ƙanwar furotin. Waɗanda ake magana a kansu a nan ba sinadarin girma ba ne su kansu. Aikinsu shi ne su matsa wa fituwitarin mutum ya saki nasa. Sun kasu gida biyu: masu kwaikwayon GHRH da masu kwaikwayon girelin.

A gida na farko akwai sermorelin, wanda shi ne tubala 29 na farko daga cikin 44 na GHRH. An amince da shi a Amurka a 1997 don yara masu ƙarancin girma, kamfanin da ke yin sa ya janye shi daga kasuwa a 2008 saboda dalilan ciniki. Akwai tesamorelin, da aka amince da shi a 2010 don aiki guda tak: rage kitsen da ke taruwa a cikin wasu masu ɗauke da ƙanjamau. Yana yin wannan aiki, amma da an daina allurar kitsen yake dawowa. Sai CJC-1295, wanda wani kamfanin Kanada ya ƙirƙira don ya daɗe a jini. An dakatar da gwajinsa a 2006 bayan wani daga cikin masu karɓa ya rasu. An danganta rasuwar da ciwon zuciyar da yake ɗauke da shi, amma ba a ci gaba da aikin ba, kuma har yau babu hukumar magunguna da ta amince da shi.

A gida na biyu akwai GHRP-6 da danginsa, waɗanda suka fito daga aikin Cyril Bowers na jami'ar Tulane, da ipamorelin, wanda aka gwada don tayar da hanjin da ya kwanta bayan tiyata bai yi nasara ba. Akwai kuma MK-677, wanda a haƙiƙa ba feftaid ba ne, ƙwaya ce ta haɗiya, amma tare ake tallata su. Shi ne ma aka fi yi wa gwaji mai kyau. A 2008 Ralf Nass da Michael Thorner na jami'ar Virginia suka ba da rahoton mutum 65 masu shekara 60 zuwa 81. Maganin ya ɗaga sinadarin girma da IGF-1 zuwa matakin samari, naman jiki ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, amma ƙarfi da kuzarin aiki ba su sauya ba, sukarin jini kuma ya ɗan hau. Wani gwajin da aka yi da shi a kan tsofaffin da suka karye a ƙugu an tsayar da shi kafin lokaci saboda alamun gazawar zuciya ga wasu. Ɗan'uwansa capromorelin ya nuna ɗan ci gaba wajen hawan bene da daidaita tafiya, amma bai kai ga zama maganin mutane ba. Yau likitocin dabbobi ne ke amfani da shi don buɗe wa karnuka marasa lafiya ciki.

Masu sayarwa suna da hujja guda da ta cancanci a saurara. Sun ce tunda jiki ne ke sakin sinadarin da kansa, kuma somatostatin na nan yana taka burki, haɗarin wuce gona da iri ya ragu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai ƙarshen tafiyar ɗaya ne, wato a ɗaga sinadarin girma da IGF-1 a jikin dattijo, kuma wannan shi ne abin da gwajin shekara talatin ya kasa nuna amfaninsa. Idan feftaid ya yi aiki sosai, illolin sinadarin za su biyo shi. Idan bai yi ba, an yi asarar kuɗi. Haɗin CJC-1295 da ipamorelin, wanda ya fi kowanne tashe a intanet, ba a taɓa yi masa dogon gwaji a kan tsofaffi ba. Maganin fesawa a baki da ƙwayoyin da ake cewa suna ɗauke da sinadarin girma kuwa ba su ma kai a tsaya a kansu ba, domin ciki yana narkar da furotin kamar yadda yake narkar da kowane abinci.

Wani bincike da ake yawan jawowa shi ne na Gregory Fahy na 2019, inda maza tara suka karɓi sinadarin girma tare da metformin da DHEA na shekara guda, wani ma'aunin shekarun ƙwayoyin halitta ya nuna sun koma baya da kusan shekara biyu da rabi. Mutum tara ne, magani uku a haɗe, babu rukunin kwatance. Abu ne da ya isa a ce a ƙara bincike, bai isa a kafa asibiti a kansa ba.

Inda ilimin halitta ya nufa

Babbar matsalar wannan magani ita ce shaidun tsawon rai sun fuskanci wata alƙibla dabam. A 1993 Cynthia Kenyon ta nuna cewa wata 'yar tsutsa tana ninka kwanakinta idan aka raunana hanyar saƙon da ta yi kama da ta insulin da IGF-1. A 1996 Holly Brown-Borg da Andrzej Bartke suka ba da rahoton cewa wadannin ɓeraye da ba sa ƙera sinadarin girma suna rayuwa fiye da 'yan'uwansu da kusan rabin tsawon rai. Wani ɓera na ɗakin binciken Bartke da aka cire wa mai karɓar saƙon sinadarin ya kusa cika shekara biyar, alhali ɓeran gwaji da wuya ya wuce uku. Ɓerayen da aka ƙara musu sinadarin kuwa suna yin girma, su tsufa da wuri, su mutu da wuri. A cikin karnuka ma ƙananan jinsi sun fi manya daɗewa.

Ga mutane akwai misali biyu da ke kallon juna. Na farko cutar akromegali, inda ƙari a fituwitari ke malalo da sinadarin fiye da kima. Hannaye da ƙafafu su faɗaɗa, haɓa ta turo, harshe ya yi kauri, hawan jini da ciwon sukari su shigo, zuciya ta kumbura, kuma idan ba a yi magani ba rayuwa takan gajarta. Na biyu shi ne ciwon Laron, da likita Zvi Laron ya bayyana a 1966, inda jiki ba ya jin saƙon sinadarin kwata-kwata. A ƙauyukan kudancin Ikwado akwai dangogi masu wannan hali. Jaime Guevara-Aguirre ya bi 99 daga cikinsu har shekara 22, kuma rahoton da ya fitar tare da Valter Longo a 2011 ya nuna babu mai ciwon sukari ko ɗaya, ciwon daji sau ɗaya aka gani kuma bai yi kisa ba, duk da cewa da yawansu masu ƙiba ne. Danginsu masu cikakken tsawo kuwa suna kamuwa da duka biyun kamar kowa. Ba su fi sauran mutane tsawon rai ba, domin haɗurra da wasu matsaloli suna ɗaukarsu, amma saƙon ya fito fili.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. IGF-1 yana cewa ƙwayar halitta ta rarrabu, kada ta mutu. Wannan alheri ne ga yaro mai tasowa. Ga ɗan shekara sittin, wanda mai yiwuwa akwai ƙwayoyin da suka fara ɓaci a mafitsararsa ko hanjinsa, ko a nono idan mace ce, ba tare da an sani ba, saƙo ne da ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. Manyan binciken al'umma sun danganta yawan IGF-1 a jini da ɗan ƙarin haɗarin ciwon dajin nono, da na hanji, da na ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar maza. Shi ya sa ba a bai wa mai ciwon daji sinadarin, kuma shi ya sa masana da dama ke ganin raguwarsa da shekaru wata kariya ce da jiki ke yi wa kansa. Musulmin Kano ba zai ji wannan baƙo ba, domin a hadisin Usama bin Sharik da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, an kwaɗaitar da neman magani ga kowace cuta, aka keɓe tsufa.

Yadda batun ya shafi Kano

Tallan waɗannan allurai ba ya buƙatar shago. Ta Instagram da TikTok da WhatsApp yake shigowa, yana neman rukuni uku: masu ɗaga ƙarfe a gidajen motsa jiki, mata masu neman gyaran jiki, da masu hali da suka fara jin nauyin shekaru. Ya kuma tarar da ƙasa a jiƙe. Garin da aka saba da allurar hasken fata, da shan dexamethasone don a yi ƙiba, har hukumar NAFDAC ta yi shelar cewa bilicin ya zama matsalar gaggawa a 2023, ba zai yi mamakin wata sabuwar 'yar kwalba ba.

Matsalar farko ita ce abin da ke cikin kwalbar. Mafi yawan feftaid ɗin da ke yawo a intanet gari ne da ake rubuta wa cewa na bincike ne, ba na jikin mutum ba, rubutun da ke kare mai sayarwa daga doka. Babu mai tabbatar da tsabtarsa ko yawan abin da ke ciki. Mai saye shi zai dama da ruwa, ya auna, ya soka wa kansa a fatar ciki. Ta biyu ita ce sanyi. Yawancin nau'o'in sinadarin girma, da feftaid bayan an dama shi, suna buƙatar ajiya tsakanin digiri 2 zuwa 8. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas, kwalbar da ta kwana a jakar matafiyi ko a firjin da ya huce ba abin dogaro ba ce. Wannan damuwa ta ajiya da jabun magani tana cikin dalilan da suka sa hukumomi suka rufe shagunan dillalan magani na Sabon Gari a Fabrairun 2024, aka tura su sabuwar cibiyar Dangwauro da ke kan hanyar Zariya.

Ta uku ta fi sauran nauyi. Kusan ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da hawan jini, da yawa ba su sani ba, kuma masu ciwon sukarin da ba a gano ba suna da yawa. Magani mai tara gishiri da ruwa, mai kuma ɗaga sukari, shi ne abu na ƙarshe da irin wannan jiki ke buƙata. Alhajin da ya fara allura don tumbinsa ya sauka zai iya ganin tumbin ya ɗan ragu, a daidai lokacin da ƙafafunsa ke kumbura, ƙodarsa da idonsa kuma suka fara biyan kuɗin sukarin da ba a auna ba.

Masu ƙarancin sinadarin na haƙiƙa

A Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni, a bakin titin Zariya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988. Kewayensa cike yake da kemis da ɗakunan gwajin jini da asibitocin kuɗi. A irin wannan asibiti ne ake samun likitocin da suka ƙware a ciwon sukari da cututtukan sinadaran jiki, manya da yara, kuma su ne ke da hurumin cewa wane yana da ƙarancin sinadarin girma. Gwajin jini guda da aka ɗiba da rana ba ya nuna komai, tunda sinadarin tsartuwa yake yi, kuma lafiyayyen saurayi ma zai iya nuna kusan sifili. Duk wanda ya riƙe irin wannan takarda ya ce wa mutum sinadarinsa ya ƙare, ko dai bai san aikin ba ko yana son ciniki. Ganowa ta gaskiya tana buƙatar tarihin ciwon da ya taɓa fituwitari, da awon IGF-1 gwargwadon shekaru, da gwajin zaburarwa da insulin ko gulukagon a gaban likita, sau da yawa har da hoton ƙwaƙwalwa.

Waɗanda wannan gwaji ya kamata ya isa gare su a ƙasar Hausa ba masu neman ƙuruciya ba ne. A gaba akwai matan da suka zubar da jini mai yawa wajen haihuwa. Fituwitari yana kumbura lokacin goyon ciki, kuma idan jini ya zuba har bugunsa ya faɗi ƙasa, wani sashe nasa yakan mutu. Likita Harold Sheehan ne ya bayyana wannan a 1937, ciwon ke ɗauke da sunansa. Alamar farko ita ce ruwan nono ya ƙi zuwa. Daga nan al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara ya zube, kasala ta zama abokiyar zama, mace ta riƙa jin sanyi ana tsakar zafi, fatar gefen ido da baki ta yi ƙananan tamoji, 'yar shekara talatin ta koma kamar ta hamsin. Ciwon ya kusa ɓacewa a ƙasashen da ake haihuwa a asibiti. A arewa maso yammacin Najeriya, inda ƙidayar lafiya ta 2018 ta nuna mafi yawan haihuwa a gida ake yi, yana nan. Akan ce jego ne bai karɓe ta ba, ko sanyi ne, ko iska, a yi ta jiƙe-jiƙe, kuma sau da yawa sai an haura shekara goma kafin a gano. Sinadarin girma na cikin na farkon da irin wannan mace ke rasawa, amma ba shi ne na farkon da ake mayar mata ba. Ƙwayar hydrocortisone ce a gaba, sannan levothyroxine, domin rashin su ne ke iya kisa idan zazzaɓi ko tiyata ya same ta, kuma duka biyun sun fi allurar araha nesa ba kusa ba. Wannan shi ne tsufan da ke da magani, kuma abin takaici ne a ce tallan da ake yi wa masu lafiya ya fi labarinsa yaɗuwa.

Bayan su akwai waɗanda suka bugu a ka a haɗarin mota ko babur, da masu ƙari a fituwitari, da waɗanda tarin fuka ko sanƙarau ya taɓa gindin ƙwaƙwalwarsu. Ga yara kuwa dole a rarrabe. Ƙidayar 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Najeriya sun tsumbure, a arewa maso yamma fiye da rabi. Wannan tsumburewa ta abinci ce da yawan gudawa da zazzaɓi. Yaro mai tamowa sinadarin girmansa yakan ma yi yawa a jini, hanta ce ta ƙi amsa kira saboda babu kayan gini. Allura ba za ta yi masa komai ba. Yaron da ya kamata a kai wa likitan sinadarai shi ne wanda yake cin abinci sosai, ba ya yawan ciwo, amma tsawonsa ya tsaya cik ƙannensa suna wuce shi.

Abin da dattijo mai lafiya ke nema a wajen allurar, wato tsoka mai ƙarfi da raguwar tumbi, yana da hanyoyin da aka gwada suka tabbata. Barci mai nauyi, da motsa jiki mai sa haki, da azumi duk suna ɗaga sinadarin girman jiki, kitsen ciki kuma yana danne shi, saboda haka sauke tumbi kaɗai yana farfaɗo da wani kaso. A 1994 Maria Fiatarone ta sa tsofaffi 100 na wani gidan kula da gajiyayyu kusa da Boston, matsakaicin shekarunsu 87, cikin gwajin mako goma. Waɗanda suka riƙa atisayen tura nauyi da ƙafa sau uku a mako ƙarfinsu ya ninka fiye da sau biyu, saurin tafiyarsu da hawan benensu suka ƙaru, wasu suka ajiye keken dogarawa suka koma sanda. A cikin shekarar ce Dennis Taaffe ya gwada ƙara sinadarin girma a kan atisayen ɗaga ƙarfe ga dattawan maza, ya tarar waɗanda suka karɓi allurar ba su fi waɗanda suka yi atisayen kaɗai ƙarfi ba.